Ƙanena ya fito daga gidan yari ya tarar an sayar da gida: haya za mu kama masa, ko fili?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, wanda ya san ba'a ce za ta kawo shi don Allah ya wuce. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya fito daga gidan yari wata biyu ke nan, bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ba zan wanke shi ba, ya yi laifi. Faɗan unguwa ne aka ji wa wani rauni, kuma ya amsa a gaban alƙali. Yana ciki Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, aka sayar da gidanmu na cikin gari aka raba gado, kasonsa aka damƙa wa babban wanmu ya ajiye masa. Da ya fito aka zauna, sai Yaya ya ce ya juya kuɗin a kasuwa sun karye. Abin da ya iya kawowa miliyan 1 da dubu 600, bai kai rabin kason ba.

Yanzu a soron gidan da nake haya yake kwana, mai gidan kuma ya fara yi min hannunka-mai-sanda. Mun je neman ɗaki wuri uku. Ana cikin magana lafiya lau, da an tambayi inda yake zaune a da, sai a ce ai ɗakin jiya aka kama. Ya koyi walda a can ciki, hannunsa yana da kyau. Kuɗin nan me za mu yi da su? Haya, jari, ko mu saya masa fili ko da a bayan gari ne?

Dillalin Gaida: Wa alaikumus salam. Alhaji, fili. Ko tantama babu. Kuɗin haya wuta ce, shekara na zagayowa ka ga toka. Ka nufi bayan Gaida, ko wajen Ɗan Bare, ko can gaban Bachirawa ta ɓangaren Ungogo, za ka samu filin awon igiya, wanda ba gwamnati ce ta yanka ba, ƙafa 25 da 50. Ya kafa ɗaki ɗaya da banɗaki, ya kewaye da langa-langa. Wanda ya kwana a filinsa babu mai tambayarsa daga ina yake.

Mai Adaidaita: To fa. Mu da ba mu taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, shekara goma sha ɗaya muna biyan haya a Kurna, babu wanda ya buɗe zaure ya tattauna yadda za mu mallaki gida. Sai wanda ya sari mutum. Ku yi haƙuri, ni bara aka tare ni wajen ƙarfe tara na dare aka karɓe min waya, har yau yatsana biyu ba sa lanƙwasuwa. In na ji ana lallaɓa irin waɗannan sai raina ya ɓaci.

Ɗan Kwari: Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, Allah ya saka maka. Ban ce a ba shi kyauta ba. Gadon ubansa ne.

Mai Adaidaita: Amin. Shi wanda aka ji wa raunin fa, an biya shi?

Ɗan Kwari: Mahaifinmu ya biya kuɗin asibiti tun yana raye. Neman yafiya dai ba a je ba.

Almajirin Zaure: Tambayar Mai Adaidaita tambaya ce, kada a share ta. Ɗauri hukuncin hukuma ne, haƙƙin wanda aka zubar wa jini kuma yana nan sai an nemi mai shi. Alhaji, kafin maganar fili, ka ɗauki ƙanenka da wani dattijo na unguwa ku je gidan mutumin nan. Ko ya yafe ko bai yafe ba, an je.

Sai maganar gado, don ita ce ta fi tsaya min. Zaman kurkuku ba ya hana gado. Abubuwan da malamai suka lissafa masu hana gado su ne kashe wanda za a gada, da bambancin addini, da bauta. Babu ɗauri a ciki. Ranar da mahaifinku ya cika, ranar kason yaron nan ya zama nasa, yana ciki ko yana waje. Wanda aka ba ajiya kuma ya taɓa ta ba da izinin mai ita ba, lamuni ya hau kansa, riba ya ci ko faɗuwa ya yi. Saboda haka miliyan 1 da dubu 600 ba su ne dukiyar ƙanenka ba, su ne abin da ya shigo hannu. Sauran bashi ne a wuyan Yayanku.

Barista: Allah ya gafarta Malam, haka yake a kotu ma. Kuma wannan ita ce hanyar da na fi ganin mutanen da suka fito suna rasa muhalli a Kano, ba rashin gidajen gwamnati ba. Mutum yana da ɗaki a gidan gado, yana ciki sai a sayar, a ce ai an ajiye masa. Wanda yake tsare bai rasa ikon mallaka ba. Yana iya naɗa wakili a rubuce, yana iya cewa bai yarda a taɓa kasonsa ba. Amma wa yake zuwa ya tambaye shi?

Alhaji, ban ce ka kai Yayanku Kotun Shari'a ba, na san abin da hakan yake yi wa zumunci. Ku zauna gaban mai unguwa da kawunku, a rubuta adadin da ya rage, a rubuta nawa zai riƙa biya duk wata, shaidu su sa hannu. Takarda ɗaya ce. In ya cika alkawari ba wanda zai sake jin labarinta.

Ɗan Kwari: Barista, Hajiyarmu ce matsalar. Ta ce duk wanda ya tayar da maganar kuɗin nan ba ta yafe ba, kada a tona wa babban ɗanta asiri.

Barista: To a yi a ɗakinta, ita ce shaida ta farko. Rufin asiri ke nan.

Ma'aikacin Tarayya: Bari in kawo ta ɓangaren hukuma, don na ga wasu a wani zauren suna cewa a je a karɓi bashin gida. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, tun dokar 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne yake riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, mai sana'ar hannu ma yana iya shiga ya riƙa zubawa da kansa. In ka yi wata shida kana zubi kana iya nema, ruwan kashi 6 cikin ɗari ne, biya har shekara 30. A takarda abin sha'awa.

Amma sai ka nuna kuɗin da ke shigo maka duk wata, abin da za a riƙa cirewa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma gidan ko filin ya zama mai takardar gwamnati wadda banki zai riƙe. Mafi ƙarancin albashi a Kano dubu 71 ne tun ƙarshen 2024, ku raba uku ku gani. Mai albashi ke nan. Ina ga wanda ya fito jiya, asusun bankinsa ya daɗe da yin barci, layin wayarsa ma an ba wani? Ni kaina ban taɓa nema ba, filina awon igiya ne, ga kuma maganar ruwa da zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Almajirin Zaure: Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna da hanyar ijara, banki ya sayi gidan kana biyan haya kana sayen kasonsa kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Sai dai su ma za su nemi takardu da shaidar samu, don kuɗin mutane ne a hannunsu.

Ɗan Jam'iyya: Ai da an ci gaba da irin aikin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da tuni an wuce nan. Gwamnati ta ware rukuni guda ta ce na waɗanda suka fito ne, shi ke nan.

Mai Kula da Zaure: Siyasa a ajiye ta a bakin ƙofa don Allah. Duk wanda ya kawo ja ko fari zan goge.

Tsohon Gandiroba: Ban da siyasar, ina so in amsa masa maganar rukuni. Na yi shekara 31 a aikin nan kafin in ajiye. Kada Allah ya sa a gina unguwa a ce ta tsofaffin fursunoni ce. Ranar da aka buɗe ta ranar za a raɗa mata suna, kuma kun san bakin Kano. Yaron da aka haifa a can ba zai samu mata ba. Akuya ta ɓace a Hotoro, can za a fara zuwa. Ka tara mutum ɗari da suka san juna a ciki, ba sana'a, ka ce ka yi gyara? Gidan yari ka sake ginawa, katangar ce kawai babu.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya mana suna, muka tashi daga gidan yari muka koma gidan gyaran hali. Dokar ta yi maganar koyar da sana'a da bibiyar mutum bayan ya fita. Kuma ana koyarwa, kafinta, ɗinki, walda, na ga yaran da suka shigo ba su iya riƙe guduma ba suka fita suna haɗa gado da kujera. Amma aikinmu a bakin ƙofa yake ƙarewa. Na tsaya a ƙofar gidan yarin Kurmawa, na tsaya a ta Goron Dutse, na ga mutum ya fito da ledarsa ya duba dama ya duba hagu, ya rasa ina zai sa gaba. A ƙarshen 2023 Ministan Cikin Gida Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara a faɗin ƙasar nan. Aikin lada ne. Haka masu hali suke yi duk azumi a garin nan. To an biya, an buɗe, daren farko a ina zai kwana? Waɗanda na ga sun dawo mana, akasarinsu ba mugunta ce ta dawo da su ba. A kango suka kwana, a kangon kuma tsofaffin abokai suke.

Sannan ku riƙa tunawa, mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wani ya yi shekara uku a sallame shi ba laifi, amma a unguwa sunansa ɗaya da wanda ya yi kisa.

Mai Adaidaita: Baba, wannan ta ƙarshen na yarda da ita. Akwai yaron layinmu da aka kwashe a kame, wata goma sha huɗu.

Hajiyar Sheka: Ni ina da ɗakunan haya shida, bari in faɗa muku gaskiyar masu gida tunda ana ta zaginmu a ciki. Ba ƙiyayya ba ce. Gidana akwai matan aure, mazansu suna fita tun asuba. In na sa wanda ya fito, gobe mutum biyu za su ce min za su tashi. In wani abu ya faru a layin, ni mai unguwa zai kira. Ni mace, mijina ya rasu, wa zai tsaya min?

Amma na taɓa ba wani, shekara huɗu ke nan. Abin da ya sa, limamin masallacinmu ne ya tako da ƙafarsa ya ce Hajiya ni ne tsayayyensa, in ya yi ba daidai ba ni za ki nema. Shagon waje na ba shi, mai ƙofa ta titi. Yau shi yake gyara min famfo, ko sisi ba ya karɓa. Ɗana, kai da kake yawo da ƙanenka gida-gida, kai ɗan'uwansa ne, dole ka yabe shi. Nemo wanda ba danginku ba, mai furfura, ya yi muku gaba.

Kuma duk maganar nan maza ake ta yi. Macen da ta fito fa? Miji ya sake ta tana ciki, gidan ubanta matan 'yan'uwa ba sa son ganinta, ita ba ta kwana a soro ba ta kwana a masallaci. Wannan ku ajiye ta, wata rana a buɗe mata zaure nata.

Magini: Alhaji bari in yi maka lissafin da Dillali bai yi ba, shi la'adarsa yake hange.

Dillalin Gaida: Kai Malam, a bar tone-tone!

Magini: Ɗaki ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 na inci shida, ban da tushe. Ga siminti na ɗora bulo da daɓe, ga yashi, ga katako, ga kwano bandir guda da ɗoriya, ƙofa, taga, ramin masai. Buhun simintin da muke saye dubu biyu da rabi a 2019, a 2024 sai da ya taɓa dubu goma. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi rodi da kwano ka ji. In ka zuba kuɗin nan duka a fili, za ka samu fili da ciyawa, yaro yana nan a soro.

In dai za a yi, a yi ginin ƙasa. Tubali da jar ƙasa, tushe kawai a sa bulo layi uku saboda damina, daga baya a yi masa shafen siminti. Kakanninmu a cikinsa suka tsufa, kuma ya fi sanyi a watan bazara. Ƙofa da taga shi da kansa zai haɗa tunda mai walda ne. Matsalar mutanenmu kunya, wai kada a ce gidan ƙasa.

Barista: Kafin tubali, a duba takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, abin da kake saye haƙƙin zama ne. Awon igiya ba shi cikin tsarin gwamnati, shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma yake da haɗari. Kada a saya a hanyar ruwa, kada a saya ƙarƙashin babbar wayar wuta, kada a saya inda ake raɗe-raɗin titi zai bi. A tambayi maƙwabtan gonar wa ya gada, su nawa ne, duk sun yarda? Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon abu ba ne a bayan gari. Takardar ciniki da hannun mai unguwa da dagaci, shaidu na kowane ɓangare, daga baya a bi ta KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a nemi ta gwamnati in hali ya yi.

Abu mafi muhimmanci: sunansa za a rubuta. Ba naka ba Alhaji, ba na Hajiya ba. An riga an ajiye masa sau ɗaya.

Na Taɓa Shiga: Tun ɗazu nake karantawa, na rubuta na goge sau uku. Ni na yi shekara bakwai. Yau shekarata tara da fitowa, ina da mata da yara uku, ina zaune a gidana a bayan Panshekara. Ba gidan a-zo-a-gani ba ne, ɗaki biyu ne da tsakar gida, amma nawa ne.

Duk kun yi magana mai kyau, sai dai ba wanda ya ce a tambayi yaron. Alhaji, ka tambaye shi? Shekara biyar ana gaya masa lokacin tashi, lokacin ci, lokacin kwanciya. Ya fito kuma an taru a waya ana yanke masa inda zai zauna.

Ni kuskuren da na fara yi shi ne na Dillali. 'Yar'uwata ta sayar da sarƙarta ta saya min fili can nesa, na kafa rumfa na koma. Ba wuta, ba mutane, ba aiki. Mai walda in ba wuta ko janareta me zai yi? Kullum sai na hau mota biyu in shigo gari neman abin yi, kuɗin mota ya cinye ni. Dare kuma in ya yi, shiru, sai tunani. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba, a ciki ba ka taɓa zama kai kaɗai, ko juyi ka yi jikin wani za ka taɓa. Wata huɗu na gudo. Saura ƙiris in koma wajen mutanen da na baro, don su kaɗai ne in na je ba sa ɓoye wayarsu.

Abin da ya tsayar da ni wani tsoho ne mai garejin walda, ya ce zo ka kwana a shago ka yi min gadi, da rana ka yi aiki. Shekara biyu ina nan. Ya sa ni a adashen 'yan garejin, da farko suka ƙi, ya ce in ya gudu ni zan biya. Ɗaukar farko na sayi injin walda. Ta biyu na buga bulo ɗari biyu na jibge a filin nan. Haka, haka. Shekara shida kafin in rufa ɗakin farko. Kafin nan gari ya iso wurin, an ja wuta, an yi masallaci, kuma mutanen layin a matsayin mai walda suka san ni, don ni na haɗa wa rabinsu ƙofa. Da suka ji labarina daga baya, ya riga ya zama tsohon zance.

In ni ne, zan raba kuɗin. A sayi ƙaramin fili da sunansa a bar shi ya kwanta, ba ya cin abinci. Sauran a saya masa inji da ɗan janareta, a nemo masa gareji a cikin mutane. Bashin Yayanku in yana shigowa, kada ya biya ta aljihun kowa, a kai gidan bulo kai tsaye a karɓo rasit.

Almajirin Zaure: Allah ya ƙara rufa asiri. Annabi Yusuf, alaihis salam, daga kurkuku aka ɗauko shi aka damƙa masa taskokin Masar. Kuma masu fitar da zakka su sani, wanda ya fito ba shi da komai fakiri ne, yana cikin kaso takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan. Da mai hali zai yi wakafin shago biyu uku a unguwanni daban-daban, wanda ya fito ya zauna shekara guda kafin ya tsaya da ƙafarsa, da ya fi a biya tara a ɗauki hoto.

Mai Adaidaita: Malam Na Taɓa Shiga, tambaya ɗaya ba da wata manufa ba. Wanda ka yi wa laifin, ka je?

Na Taɓa Shiga: Na je sau biyu. Na farko ya rufe min ƙofa. Na biyu ya fito muka gaisa, bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba. Da sallah ina aika wa 'ya'yansa abin da ya samu.

Ɗan Kwari: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Gaskiya ban tambaye shi ba, yanzu na fita soro na same shi na karanta masa duka. Ya daɗe bai ce komai ba. Abin da ya ce, shi ba ya son nesa da Hajiya, kuma inji ya fi so a fara saya. Filin ya ce a saya amma shi zai je ya gani da idonsa. Maganar Yaya kuma ya ce a bar masa, shi zai yi wa Hajiya magana da kansa.

Dillalin Gaida: To ranar Asabar bayan la'asar ina nan. La'ada rabi zan karɓa, saboda Allah.

Magini: Zan biyo ku in duba ƙasar wurin, kada a kai yaro fadama.

Na Taɓa Shiga: Alhaji ka turo min saƙo ta gefe. Akwai ƙofofin makaranta guda takwas da na karɓa, hannu nake nema. Ya zo Litinin ƙarfe bakwai, in yana da gilashin walda ya taho da shi, nawa ɗaya ne.